Waƙar da Za a Raka Ni da Ita

Ƙanena Ebo,

Ina gaishe ka daga Hamburg, kai da Araba da yara. Ya ƙarfin jikin Mama? Ni lafiya lau, sai ɗan tarin nan da likita ya nace sai an kwantar da ni a kansa. Kada ka gaya mata tukuna.

Wata tambaya ke cina. Makaɗan nan na Sekondi masu busa ƙaho, waɗanda muke haura katanga mu je kallo, suna nan kuwa? Ina ta tunanin wace waƙarsu za a busa ranar jana'izata. Ta masuncin da ya dawo da kwalekwale wayam, ko wadda marigayi Baba yake rawarta har zanensa ya kwance? Abokiyar ɗakina Dede ta ce, "Ke Esaaba, mai shirin mutuwa ba ta wannan tsirfar!" Muka yi ta dariya.

Ka je ka ji ko suna tuna ta Baban. In sun manta ka rera musu, ka fi ni murya. So nake ranar Mama ta miƙe ta taka, ko da tana kuka.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Yayarka,
Esaaba