Ɗumin Karbaretar Baba

Litinin, 3 ga Janairu
Boksin marigayi Baba Audi, tsohuwar a-kori-kurarmu, ta sake mutuwa kafin gada, hayaƙi baƙi ƙirin. Ga ƙanwata Ruqaya da ciki wata tara. Ungozoma ta ce haihuwar nan sai asibitin Suki, kuma duk ƙauyen babu wata mota. Mati makaniki ya ce a waya: "Hitar cok ce, mai ɗumama karbareta, ya zol, mutumina. Gwada ta da sanyin safe. Kafin ka murza makulli murfin karbaretar shina sanyi, in inji ya tashi shi ɗau ɗumi."

Talata, 4
Bayan asuba na buɗe bonet. Ban taɓa makulli ba, amma karbareta ɗumi, kamar kofin da aka gama shan shayi. Na jona fitilar gwaji a wayar hita, ba wuta. Hitar matacciya ce. To ɗumin daga ina?

Bugu ɗaya ta tashi, har gada na je na dawo.

Laraba, 5
Na cire kan batir tun magaribar jiya. Yau ma ɗumi.

Juma'a, 7
Mati dariya ya yi, wai rana ce. Wace rana, hannuna na ƙandarewa? Ruqaya ta fito alwala, ta tsaya tana shaƙar iska. "Yaya Osman, kai ka hura gawayi?" Ban hura ba. Baba ne ke tura kanun, kaskon garwashi, ƙarƙashin inji duk sanyi, ya tsuguna yana tasbihi. Shekara nawa ina masa faɗa, wai zai ƙone mu, zamani ya wuce nan. Kanun ɗin na ɗakinsa a kulle, na duba. Ƙasa ƙarƙashin motar ma ɗumi.

Tsoro nake ji. Na rubuta.

Asabar, 8
Sabuwar hita ta iso daga Sinja. Tana cikin kwalinta. Gobe.

Talata, 11
Naƙuda ta kama Ruqaya tun kafin hantsi, jini da yawa. Ban taɓa komai ba, makulli kawai na murza. Motar ba ta yi tari ko sau ɗaya ba har ƙofar asibiti. Likita ta ce da mun ƙara rabin awa... Mace ta haifa. Su biyun lafiya.

Alhamis, 13
Karbareta sanyi ƙalau yau. Ƙasa ma. Ya kamata in ji daɗi.

Na ɗaura sabuwar hitar, fitila ta kama, komai daidai. Sai dai na daɗe tsugune gefen taya, har Inna ta leƙo ta ce wa nake jira.