Furen da Ke Riga Ganyensa

Zuwa ga Verna,

Gaisuwa da fatan kin sami sauƙin tarin nan, da fatan 'yarki da kika koma wurinta a gari tana lafiya.

Tun shekarar da ƙanƙara ta tafi da gadar kogi nake kawo miki na farkon furen nan da ake kira kofaton doki duk ƙarshen sanyi. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Marigayi mijinki ma ya san nawa ne wannan aikin, bai taɓa sa hannu ba. To, jiya mai kai wasiƙu ya ce ya ga fure rawaya a kofi kan tagarki, wai Prescott, tsohon malamin makaranta, ya kawo. Da littafinsa a hammata, an ce. Allah ya ba shi lada. Ni ban yi boko ba, na zauna gida.

Naki,
Elwood

Zuwa ga Elwood,

Gaisuwa mai yawa. Tari da sauƙi, taurin kanka ne ba sauƙi.

Ni na aiki Prescott. Bara ka zame a kwalbatin nan wajen tsinko furen, sati uku kana ɗingishi, ka ɗauka ban ji ba? Shi ma bawan Allah ya sha taɓo har gwiwa. Furen yana da kyau, har da ganyensa ya tumɓuko, dogaye masu tsaga-tsaga. Ka bar fushi, tsoho.

Ka huta lafiya,
Verna

Zuwa ga Verna,

Bayan gaisuwa. Da ganye, kika ce? Kofaton doki ba ya fitowa da ganye. Fure ke fara ɓullowa shi kaɗai daga tsakuwar bakin hanya, karansa da ɓawo-ɓawo kamar na kifi. Sai ya bushe sannan ganye ya zo, mai faɗi kamar kofato, bayansa fari da gashi. Abin da malaminki ya kawo haƙorin zaki ne, ciyawar da ke cike da bayan kowane gida. Shekara talatin da ɗaya ina miƙa miki, ashe ba ki taɓa duban furen ba. Wannan ya fi zamewar ciwo.

Elwood

Elwood,

Sannu da faɗa. Na san ba kofaton doki ba ne tun Prescott yana bakin ƙofa, na karɓa don kada ya ji kunya. Na riga na zubar da shi. Kofin yana nan, ba komai a ciki.

Verna

Verna,

Na gaishe ki. Ki zuba ruwa a kofin. Gobe da safe zan ɗauki sanda in gangara kwalbatin. Idan na faɗi, kada ki aiko Prescott ya ɗaga ni.

Elwood