Shirun da Iya Ta Bari a Kaset

Zuwa ga Iya Abu, kakata, amaryata ta Mandawari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta jika ga kakarsa, da durƙuso har ƙasa irin wanda ban taɓa yi miki ba sai in ina neman ƙanzo, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima da yalwar makwanci. Na san ba a kai wasiƙa makabarta. Amma akwai labarin da ya tokare mini wuya tun ranar bikin jikarki Hauwa, kuma ke ce mai shi. Sauran masu leƙen takardar mutane su yi haƙuri da rubutuna. Allo na yi, bokon kuwa a jikin kwalin kaset na tsince shi.

Gari lafiya. Soja sun koma bariki kamar yadda aka yi ta faɗa kina kwance, farar hula sun hau. Katangar gidanmu ma ta samu rabonta, an manna mata hotunan mutanen da ba su taɓa gaishe ta ba. Baba yana nan, Umma tana nan, akuyarki ta haihu, kuma har yanzu ba ta daina harara ta ba. Na ce a wajenki ta gada.

Kin tuna ranar da na shigo da rikoda? Wani ne ya kawo ta gyara rumfar maigidana Malam Sani a Ƙofar Wambai, ya ji kuɗin gyara ya ce ya bar mana ita sadaka. Na zauna na tashe ta. Abin da na fara ɗauka shi ne sallama da muryar manya, na ɓoye rikodar a bayan tabarmar zaure. Baba ya yi ta fitowa yana amsawa, yana leƙa lungu, yana komawa yana ta'awwuzi. Daga nan na ɗauki minsharin Kawu Ado, na jira ranar da ya rantse a gaban mutane cewa shi ba ya minshari. Ke kuwa kika raɗa mata suna akwatin gulma, kika ce duk ranar da ta shigo ɗakinki a rijiya za ta kwana.

Ba ki san ta riga ta fara gyara ni ba. Da ita na fara zuwa wajen wasa, bayan la'asar, a filin nan na gindin ganuwa inda masu gurmi da kukuma suke shimfiɗa tabarma. Ba su da ubangida, ba su da mota. Mutum ne da kayan kiɗansa da yaransa biyu, sai jama'ar da ta kewaye shi. Iya, in mai kukuma ya ja tsirkiyar nan ya lumshe ido, har mai sayar da rake yakan manta da wuƙa a hannunsa. Ni kuma ina tsugune a gaba, na miƙa rikoda kamar mai roƙon wuta, ina yi wa masu tari alama da ido. In na dawo gida in zauna a ƙofar ɗakinki in kunna, wai don in ba ki haushi.

Kina tsintar shinkafa, ba ki ko ɗago ba, kika ce, “Mai kukumar nan yana da kunne, amma 'yan amshinsa ba su karya ba suka fito.” Na sake saurare, wallahi haka ne, suna shigowa a makare. A ranar na gane akwai abin da kike ɓoye mana.

Umma ce ta tsegunta mini cewa kafin ki auri Malam kakanmu, ke ce mai ba da waƙa a kiɗan ƙwarya na 'yan matan Gwale, kuma tun da kika shigo gidan malamai kika kife ƙwaryar. Ita kanta Umma ba ta taɓa jin ki ba, labari ta ji. To ni kin san ni. Na jira ranar da kike kaɗin zare kina 'yan guna-gunanki ƙasa-ƙasa, na tura akwatin gulma ƙarƙashin faifai. Da na kunna miki, sai kika karkata kai kika ce, “Wace tsohuwa ce wannan take kashe wa mutane waƙa?” Na ce amaryata ce. Muciyar da kika biyo ni da ita har zaure, har yau bayana bai manta ba.

Washegari kuma ke kika aiko a kira ni. Kika ce, “Ja'iri, in za ka yi sata, ka saci mai kyau. Je ka nemo batir.”

Ban taɓa yin aiki irin na ranar ba. Na shanya tsofaffin batir a rana, na ranto sababbi. Na toshe tagar ɗakinki da bargo, na kai akuya maƙwabta, na ba yaran gida gyaɗa na kore su. Ke kuma kika fito da babban masaki, kika cika shi da ruwa, kika kife 'yar ƙwarya a kai. Sai na ga kin ɗaura atamfar sallah, kin rambaɗa kwalli. Na ce Iya, rikoda fa ba ta gani. Kika ce, “Wa ya faɗa maka? Abin da ya iya riƙe magana ai ba a shaidarsa.”

Kika ce waƙar rakiyar amarya ce, ta gidanku, kuma ta Hauwa ce, don ba ki da tabbacin za ki ga ranar. Na ce ki bar faɗar haka, ke da za ki binne mu duka. Kika yi dariya, kika buga ƙwarya da ludayi, ɗakin ya amsa. Muryar da ta fito ba ta tsohuwar nan mai kashe waƙa ba ce.

“Wa zai share mata ƙofa, baƙuwa tana tafe?”

Sai kika yi shiru. Hannunki yana kiɗa, bakinki a rufe, kina gyaɗa kai kamar kina jin wasu. Can kika ɗora:

“Wa zai riƙe mata fitila in dare ya same ta?”

Kika sake yin shiru. Ni kuma a lokacin ina ji da kaina, na ɗauki manyan makaɗa a gindin ganuwa, na san zaren kaset ba a banza ake samunsa ba. Na kai yatsa zan riƙa tsayarwa a wajen shirun, in kin buɗe baki in saki. Ludayin da ya sauka a bayan hannuna yana cikin kaset ɗin, ana jin ƙas, ana jin na ce wash. Ana kuma jin ki kina cewa, “Bar musu wurinsu.”

Da muka gama na tambaye ki su wa. Kika ce masu amshi. Na ce to ki faɗi amshin mana, in ɗauka a ɗaya gefen. Kika ce a'a, mai ba da waƙa ba ta amsa wa kanta, ba a taɓa yi ba, kuma ba a kanki za a fara ba. Na ce Iya, masu amshin nan naki fa yawancinsu suna can makabarta an jera musu tukwane. Ban san inda na samo wannan baƙar magana ba, bakina ne ya riga ni. Ba ki yi fushi ba. Kika tsiyaye ruwan masaki a hankali, kika ce, “To su ma a bar musu wurinsu.” Sannan kika kafa mini sharaɗi: kada kunnen taro ya ji sai ranar yinin Hauwa.

Ba ki ga damina ta gaba ba.

Da aka sa ranar bikin, sai tsoro ya kama ni. Abin da ke hannuna rabin waƙa ne, tambaya ce ba amsa. Na hango mata cike da tsakar gida, muryarki tana tambaya, kowa yana kallon kowa, wata ta ce kaset ɗin ya lalace a sa na fiyano a yi rawa. Ni an saba yi mini dariya, sana'ata ce. Amma a yi miki, a gidanki, ranar jikarki, wannan ne ba zan iya ɗauka ba.

Na shiga neman amshin gida-gida. Nan na ga amfanin halina. Duk tsohuwar da na yi wa sallama sai ta fara duba ƙarƙashin tabarma, ta ce in fito da akwatin in faɗi abin da na ƙulla. Wata ta ce ita ba ta taɓa waƙa ba tun da aka haife ta, alhali jikokinta suna bayanta suna ƙyafta mini ido. A ƙarshe aka ce in je Gwale wajen Baba Tabawa, ƙawarki, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka zauna a bayanki. Na same ta a kan buzu tana kallon bango. Tsufa ya tafi da ita nesa, 'ya'yanta ma sai ta tambaye su daga ina. Na durƙusa na ce ni jikan Abu ne. Na karanta mata baitin da bakina, har na gwada rerawa da muryar nan tawa ta ƙofar gwangwani. Ta dube ni ta ce in na ga mai manja in turo mata shi.

Na tafi rumfa don in yi kwafi, kada rikoda ta cinye zaren in shiga uku. Malam Sani ya ji, ya ajiye abin da yake yi. Ya ce muryar nan zinariya ce, ramukan ne matsala, kuma ya san wani mai situdiyo da zai cike su da fiyano, a sa 'yan mata su riƙa ambaton sunan wani mai girma a wajen, yanzu kasuwar ke nan. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, yana so in samu na kaina. Na ce Malam, tsohuwar nan da ludayi ta kare ramukan nan tana raye, ban san da me za ta zo yanzu ba. Ya yi dariya, ya ce Allah Ya jiƙanta, bai sake tayar da maganar ba.

Ranar yini, na roƙi Umma ta aika a ɗauko Baba Tabawa, ko don albarka. Na ajiye rikoda da lasifikar aro a gindin turmi, na nuna wa ƙawar Hauwa inda za ta danna. Kin san an ce na yi girman shiga cikin mata, don haka na maƙale a matakalar soro bayan labule, da wata rikodar a cinyata, wai ko da wani abu zai faru.

Aka danna. Kiɗan ƙwaryarki ya tashi, hayaniya ta fara kwantawa. Umma ta dafe ƙirji. Kika yi tambayar farko, shirun ya zo, ba wanda ya ce komai. Wata yarinya ta yi 'yar dariya. Kika yi ta biyu, ta fitila, shirun ya sake zuwa. Aka ji ƙas, aka ji wash, aka ji “Bar musu wurinsu,” mata suka fashe da dariya suna cewa ai Sabi'u ne ya sha ludayi. Ni kuwa gumi har cikin idona. Kika yi ta uku. Na sunkuyar da kai.

Sai na ji wata 'yar siririyar murya daga wajen randa, tana rawa amma ba ta kauce wa kiɗa ba ko kaɗan:

“Mu da muka sha ruwan randarku, mu ne.”

Na ɗaga labule. Baba Tabawa ce, ta miƙe zaune, tana buga gwiwarta da tafin hannu. Iya, amshin ya shiga wurin da kika bari cif, yana ƙarewa kina ɗorawa, kamar tare kuka kwana kuna gwaji. A baiti na gaba tsofaffi biyu suka bi ta, cikinsu har da wadda ta ce mini ba ta taɓa waƙa ba tun da aka haife ta. Kafin a kai tsakiya, gidan gaba ɗaya ya ɗauka, da Umma, da 'yan matan da ba su taɓa ganin kiɗan ƙwarya ba. Hauwa tana cikin mayafi kafaɗunta suna girgiza. Kina tambaya wa zai yi mata kaza, mata suna ce miki mu ne.

Da kaset ya ƙare, Baba Tabawa ta waiga hagu da dama, ta ce, “Abu, fito mana, kin wani shige ɗaki kina ba mutane waƙa.” Umma ce ta je ta riƙe mata hannu.

Yanzu ga abin da zai faranta miki rai, tun da na san ba kya son labarin da ban ji kunya a ciki ba. Rikodar da ke cinyata ta ɗauki komai, amma ta fi kusa da ni. Duk wanda ya kunna sabon kaset ɗin, sama da muryar mata yana jin wani ƙato yana amshi yana jan hanci. Ƙawayen Hauwa sun yi kwafi. Ko'ina na bi a Mandawari sai in ji an ce “mu ne” an ja majina. Kawu Ado da kansa ya zo ya ce a kunna masa, ya saurara har ƙarshe, ya ce alhamdu lillahi, Allah Ya saka masa. Akwatin gulma ta ci maigidanta.

Naki na asali kuwa na karye masa kunnuwa yadda ba mai iya ɗaukar wani abu a kansa, na sa shi a cikin masakinki. Shirun yana nan yadda kika bar shi. In Allah Ya ba Hauwa 'ya mace, akwai masu amsawa.

Allah Ya jiƙanki, Iya. Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ki da Malam da ƙawayenki da suka riga ki. Ya sassauta wa Baba Tabawa tsufanta, Ya zaunar da Hauwa lafiya a ɗakinta. Mu kuma da muka sha ruwan randarki, Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da kika bar mana, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Ni ne angonki da bai taɓa ba ki kuɗin cefane ba,
Sabi'u, mai tabon ludayi.