Birdie da Ciyawar Bakin Rafi

Choteau, Montana,
ƙarshen watan Mayu.

Zuwa ga Yayata Marlys,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da duk mutanen gida, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Curtis. Allah ya ƙara masa sauƙin ciwon bayan nan, ya sa zaman Alaska ya karɓe ku. Mu nan mun gode Allah. Matata Darlene ta gama shuka dankalinta, shanu sun gama haihuwa, maraƙi ɗaya kawai muka rasa. Goggo Inez ta yar da sanda. Wai ƙugun ƙarfen da likitoci suka sa mata ya fi wanda aka haife ta da shi, har tana cewa a canja mata ɗayan ma.

Yaya, maganar goɗiyarki Birdie ce ta zaunar da ni rubutu. Ranar da na kira ki da niyyar faɗa miki, bakina ya yi nauyi, na ɓige da labarin iska da ruwan sama. Ba ta da lafiya, kuma ni na jawo mata. Ban manta abin da kika ce mini a bakin barga ranar tafiyarki ba, cewa Birdie ko ƙanshin ciyawa ta ji sai ta yi ƙiba, don haka in ƙanƙara ta narke in tsare ta a garke, in riƙa sakinta kaɗan-kaɗan. Har dariya na yi miki, na ce ba yau na fara ganin doki ba.

Sanyin bana ya yi tsanani, ingiricin da muka tara kuma bai yi kyau ba. Birdie ta fito daga hunturu haƙarƙarinta a waje, gashi na zuba faci-faci. Ana nan sai maƙwabcinmu Hollis ya zo aron mota, ya jingina da shinge ya ƙare mata kallo, ya ce, "Kai Orrin, wannan doki ne ko maratayin kaya? Bari in rataye hulata a ƙugunta kafin in fito." Bai tsaya nan ba, ya kai labarin wurin shan kofi a gari, kowa ya gan ni sai ya tambaye ni ko azumi na sa ta. Na yi dariya tare da su, amma abin ya ci ni a rai. Sai wata safiya na buɗe mata ƙofar fadamar bakin rafi, inda sabuwar ciyawa ta yi kore shar. Darlene ta leƙo ta taga ta ce, "Ba Marlys ta hana ba?" Na ce kwana biyu ne kawai, ta ɗan murmure. Kwana biyun nan ya zama makonni.

Ta murmure kuwa. Jiki ya cika, gashi na sheƙi, wuya ya yi kauri. Hoton nan da na aiko miki, kika ce kin gode da riƙon amana, kaurin wuyan da kika gani a ciki ashe alamar ciwo ce, ni kuwa ina ta alfahari. Ranar Talatar da ta wuce na kira ta ba ta zo ba. Na same ta tsaye ta miƙe ƙafafun gaba, ta mai da nauyinta baya, kamar mai tsaye kan garwashi. Na dafa kofaton, zafi rau. Da ƙyar muka jawo ta garke, tana taku tana nishi.

Likitar dabbobi, Dakta Renata, ta ce sabuwar ciyawa cike take da sukari, musamman in dare ya yi sanyi rana ta buɗe, kuma cikin da ya saba da busasshe ba ya ɗaukar ta farat ɗaya. Sukarin ne ya sauka a kofato ya sa ya kumbura daga ciki. Ta ce ramar da na gani ba abin tsoro ba ce, da na bar ta da ta cika a hankali. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Garin neman ƙiba na samo mata abin da ya fi rama.

Yanzu tana kan yashi mai laushi. Muna tsoma ƙafafunta a ruwan ƙanƙara, muna jiƙa ingirici kafin mu ba ta. Hollis ya zo da hularsa a hannu, yana ta ɗauko mana ƙanƙara daga gari, yana cewa bakinsa ne ya ja. Na ce masa ba bakinsa ya buɗe ƙofa ba. Abin da ya fi damuna, duk da haka in ta hango ni sai ta yi 'yar haniniya, ta cusa hanci a aljihuna.

Ga inda maganar take. Hoton ƙashi ya nuna ƙashin cikin kofaton hagu ya karkace. Likita ta ce hawan dutsen da kika shirya yi da ita a watan Yuli babu shi, wataƙila ba za a sake ɗora mata sirdi ba. In ƙashin ya tsaya a haka, za ta rayu tana 'yar tafiyarta a garke. In ya ci gaba da nutsewa, tausayi shi ne a hutar da ita. Za a sake hoto tsakiyar watan Yuni. Jinya zan yi ta iya ƙarfina, amma wancan hukuncin ba zan yanke shi ba, naki ne. Idan kin karanta ki kira ni, ni da kaina. Kada ki bi ta wajen Darlene don ki sassauta mini. Duk abin da za ki faɗa zan tsaya in ji.

Ki gaishe da Curtis da kyau, da 'yarki Tessa da maigidanta, ki shafa mini kan jaririnsu. Darlene da Goggo Inez suna gaishe ku. Allah ya tsare ku, ya ba Birdie sauƙi.

Ƙaninki,
Orrin.