Ƙoƙon da Kuka Ware wa Mahaifina

Zuwa ga Fasto da dattawan ikilisiyarmu ta Yamai,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, da fama da hidima a wannan shekara ta fari. Allah ya ba mu ruwa.

Ni ce Hannatu ɗiyar Nomau, mai ɗinki a kasuwar Wadata. In sunan bai tuna muku kowa ba, ni ce matar da ke wanke ƙoƙon Jibin Ubangiji tun shekarar da aure ya kawo ni Yamai, in goge shi, in naɗe cikin farin ƙyalle, in adana a ɗakina a unguwar Maourey. Na je gidan Fasto da wannan magana, aka ce za a duba. Na koma, aka ce yana taro. Shi ya sa na liƙa ta a ƙofar majami'a. Na san tun da sojoji suka hau mulki kowa ya koyi riƙe bakinsa, amma wannan ba maganar gwamnati ba ce, tamu ce ta cikin gida.

Na farko, abin da kuka yi. Da yunwa ta koro mutanen ƙauye suka zo suka kafa bukkokin kwali da tabarma a bakin gari, akwai 'yan'uwanmu masu bi a cikinsu. Bencinan majami'a suka cika, aka yi musu rumfar zana a tsakar gida. Ban ga laifin wannan ba. Ana gab da jibin Kirsimeti Mushe Ishaya, dattijonmu mai aiki a biro, wato ofis, can unguwar Plateau, ya aiko mini da kofin roba, irin na gindin randa, wai jama'a ta yi yawa, ƙoƙo ɗaya ba zai zagaya da wuri ba. Na yarda. Sai da aka tashi sujada matarsa ta biyo ni bayan majami'a da kwalbar jabel, ruwan nan na kashe ƙwayoyin cuta, ta ce kofin 'yan rumfa a jiƙa shi a ciki, kuma kada ya kuskura ya shiga kwano ɗaya da ƙoƙon azurfa. Ta faɗa tana yatsine fuska kamar wadda ta taka kashin kaji. A nan na gane ba yawan jama'a ba ne, ƙyama ce.

Na biyu, wanda kuka yi wa. Mahaifina yana cikin mutanen rumfar nan. Geronsa ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, awakinsa suka mutu, na aika aka ɗauko shi daga ƙauyenmu na wajen Dogon Dutsi. Ina da wuri a benci, na ce ya zauna kusa da ni, ya ce ba zai shiga inuwar kwano ya bar mutanen garinsu a waje ba.

Yawancinku ba ku san shi ba, to bari in gaya muku. Yana saurayi ya karɓi Almasihu a wani ɗan asibitin mishan inda ya je jinyar ƙafa. Da ya koma gida danginsa ba su dake shi ba, ba su kore shi ba. Ƙoƙo suka ware masa, suka rataye a jikin darni. Ba mai sha a bayansa. Uwar da ta haife shi daga sama take tsiyaya masa ruwa don kada ludayinta ya taɓa ƙoƙon. Muna yara ba labarin da ya fi ba mu kamar na ranar da ya fara cin jibi: ya sha, ya miƙa wa na kusa da shi, malamin lakwal ne, makarantar boko, mai takalmi, mutumin ya kafa baki daidai inda Baba ya kafa nasa, bai ko goge ba. Baba yakan ce ba wa'azi ne ya riƙe shi ba, wannan kurɓin ne.

A ranar jibin nan, ta taga ya ga ƙoƙon azurfa ya bi masu zaman benci ya koma tebur an rufe shi. Sannan aka fito musu da kofin roba, mai hidima ya riƙo shi da hankici, hannu a miƙe can nesa da jikinsa. Baba ya karɓa, ya dube shi, ya miƙa gaba bai sha ba. Da muka isa gida abin da ya ce kawai shi ne, “Hannatu, na san ƙoƙon nan. Ashe har birni ya biyo ni.”

Tun ranar bai sake taka majami'a ba. Ya ɗaure 'yan tsummokaransa, kullum yana tambayar maƙwabta yaushe kamiyo, babbar motar kaya, ke tashi zuwa Dogon Dutsi, har an gaya masa Juma'a. Ba ƙwayar hatsi a rumbun ƙauyenmu, kuma tsohon nan sai da sanda yake miƙewa. In ya tafi, ba zai ga damina ba. Na yi kuka, na durƙusa, ya ce, “Can don Almasihu aka ware ni, na san dalili. Nan fa don me?” Amsar tana wurinku. Ku da kuka yanke shawarar, ku zo ku ba shi.

Na uku, hujjarku. An ce mutanen rumfa suna tari, leɓunansu sun tsattsage. Gaskiya ne, yunwa ce ta tsaga su. Amma Mushe Ishaya kansa duk lokacin ɗari tari yake a bencin gaba har ba a jin karatu, ban taɓa ganin an ba shi kofin roba ba. Ashe tarin mai albashi ba ya kama mutum? In cuta kuke tsoro da gaske, muna da ma'aikatan jinya a cikinmu, su nuna mana hanyar da za ta hau kan kowa, daga Fasto har tsohuwar da ta zo jiya da ƙafa. Ba haka kuka yi ba. Kun duba riga ne kuka raba ƙoƙo.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne, a ranar ce aka yi mana wa'azi mai daɗi a kan ciyar da mayunwata, aka kuma raba jar dawa a bakin ƙofa, dattawa suna murmushi. Ku miƙa wa mutum dawa da rana tsaka, ku zagaya baya ku jiƙa inda bakinsa ya taɓa cikin jabel! Tir. Sojan da ke rabon hatsi, da bulalarsa da tsawarsa, da tiya ɗaya yake auna wa kowa. Maƙwabciyata Hajiya Zali, Bazabarma, Musulma, ta ajiye randa a ƙofar gidanta da moɗa ɗaya, duk wanda ƙishi ya kawo ya sha. Ita ce ta tambaye ni me ya hana tsoho zuwa sujada, na rasa inda zan sa fuskata. Ubangijin da muke kira ya taɓa kutare da hannunsa, kuma a daren da aka bashe shi ƙoƙo ɗaya ya miƙa wa masunta har da wanda zai yi musun saninsa. Wa ya ba ku izinin ƙara na biyu?

Ga roƙona. Ku janye wannan shawara a gaban jama'a, ba a ɗakin taro ba. Fasto ya zo gidana da ƙafarsa kafin Juma'a, kada ya aiko da dawa, Baba ba zai karɓa ba. Ya zauna a tabarma ya nemi gafararsa. Kuma in har sai wasu sun zauna a rumfa, to dattawa su riƙa zama a can su ma, su ji yadda zana ke tsiyayar rana.

Kofin roba dai kada ku neme shi. Yana gindin randa a ƙofar gidana, masu turin kura suna sha da shi, ni da 'ya'yana ma da shi muke sha. Ranar jibi mai zuwa ƙoƙo ɗaya zan kawo. In Baba yana nan, a rumfa za ku same ni kusa da shi, mu ga ko zai iso wurinmu. In kuwa ya hau kamiyo, zan ajiye muku ƙoƙonku a tebur da ƙyallensa, ku nemi wata mai wankewa, don ni hannuna ba zai iya ba.

Allah ya ba ku hikima da tawali'u, ya raya 'ya'yanku, kada ya nuna musu ranar da za a riƙo musu ruwa da hankici.

Wassalam, salamar Ubangiji ta tabbata gare ku.

'Yar'uwarku cikin Almasihu,
Hannatu ɗiyar Nomau