Kuɓewar Iya Tabawa Ta Zo Funtuwa

Zuwa ga kakata, Iya Tabawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci jika ya yi wa kakarsa, tare da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji, ina sanar da ke cewa mu nan Funtuwa lafiya lau muke, ni da Hadiza da yara. Damina ta yi albarka, masara ta shigo gida, dawa ta sunkuya tana jiran lauje. Na san ba motar da ke kai wasiƙa inda kike. Amma akwai labarin da ya cika mini baki, kuma ba wanda ya cancanci ya fara jin sa sai ke. Sauran jama'ar da za su karanta sai su yi haƙuri, da matata ta fari nake magana.

To Iya, albishirinki. Mai gidan naki da kike yi wa gori kullum, "Yau ma ba cefane, sai baki kamar gidan tsutsa," ya gina gidan kansa. Ba wani katafaren abu ba ne, ɗakuna ne daidai mu a bayan gari, ta hanyar Maska, kuma allura da zare ne suka gina shi. Da magini ya zo zai shafe tsakar gida da siminti har bango, na tare shi na ce ya bar mini ƙasar da ke bayan madafi. Ya dube ni kamar na zautu, ya ce kowa gudun taɓo yake yi ni ina nemansa. Ban yi masa bayani ba, don bai san gorarki ba.

Ranar da aka raba kayanki a Gozaki, kowa ya ɗauki abin da idonsa ke kai. Wasu tasoshi, wasu akwati, wasu tunkiya. Ni na miƙa hannu saman murhu na sauko da 'yar gorar nan da hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin, wadda kika toshe bakinta da totuwar masara. Har dariya aka yi mini, wai tela ya gaji toka. Tokar ce kuwa, amma a cikinta irin kuɓewarki yake kwance. Mai jan karan nan, gajera mai kauri, wadda in aka kaɗa ta sai mutum ya yanke yauƙinta da gefen hannu kafin loma ta isa baki. Na zaga kasuwar Funtuwa da ta Malumfashi ban taɓa ganin irinta a faifan kowa ba. A zatona abin da ke cikin gorar nan shi ne ƙarshenta a duniya.

A gidan haya kuwa siminti ne tun daga zaure har makewayi, ko tsinke ba inda za a kafa. Haka gorar ta zauna a ƙasan akwatina, damina na wucewa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na san iri ba ya jiran mutum har abada. Wani lokaci nakan fito da ita in girgiza a kunne, in ji ƙarar 'ya'yan, in mayar.

Da bazara muka tare, ana tsakiyar zafin nan da ke sa kaji buɗe baki. Mai hankali zai jira ruwan sama. Amma ni na tuna dabararki. Kin tuna yadda kike shuka a bakin rariya, inda ruwan wanka da na wanke-wanke ke fita bayan ɗaki? Mutane na fama da busasshiyar kuɓewa, ke kina kaɗa ɗanya, maƙwabta na aiko yara da ƙoƙo. "Ruwan da ya wanke mutum bai gama aikinsa ba," haka kike cewa. Sai na ɗauki fartanya na yi 'yar kunya a bakin tamu rariyar, na zuba kashin awaki, na buɗe gora.

Hadiza tana tsaye a kaina ta ce, "Baban Ummi, ka rage ko kaɗan ne mana." Na ce mata irin Iya ne, ba ya faɗuwa ƙasa a banza. Na juye shi kaf. Sai daga baya na tuna ke da bakinki kin sha faɗa cewa ba a kai iri duka gona. Da ma kin ce kunnena na ado ne.

Ya tsiro, Iya! Wallahi ya tsiro, layi guda reras, kowanne da 'yan kunnuwansa biyu. Ban san ina da sauran yarinta ba sai lokacin. Kafin in tafi shago sai na tsuguna na gaishe su, in na dawo kafin in cire takalmi sai na leƙa. Masu kawo ɗinki sun sha labarin kuɓewa har sun gaji, wani ma ya ce in dai zan gama masa rigarsa ya yarda kakata ta fi tasa.

Ana nan sai ganyen ya fara rawaya. Gefensa ya ƙone kamar an bi shi da wuta, karan ya yi laushi, suka riƙa kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Na zargi rana, na yi musu rumfa da tsohon buhu. Na zargi kaji. Har bakin mutane na zarga, na ce ni na ja da yawan surutu. Hadiza ce ta gano abin ranar da take wankin kayan makarantar yara. Ta kira ni ta nuna mini kumfa fara fat tana bin rariya tana kwanciya a gindin shukar. Ke da sabulun salo da toka kike wanka da wanke-wanke. Mu kuwa garin sabulu ne mai cin hannu, ga ruwan nan mai warin asibiti da ake zuba wa fararen kaya. Rariyar na kwaikwaya, ban tsaya na duba abin da ke bi ta cikinta ba. Kafin mu kau da ruwan, na ƙarshe ya riga ya kwanta.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi baƙin ciki irin wanda ban yi ba tun ranar jana'izarki. Na ɗauko gorar na zazzage a tafin hannu ko Allah zai sa ƙwaya ɗaya ta maƙale, babu komai sai toka. Ji na yi kamar na sake rasa ki, kuma wannan karon da hannuna. Hadiza ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, Allah ya yi mata albarka, amma na ga maganar tana yawo a idonta.

Da ruwa ya sauka na kai ɗinkin biki Gozaki, gidan Kawu. A hanyar dawowa na ce bari in ratsa unguwar Maguzawa in gaida Kande, ƙawarki da kuke jera ƙwaryar daddawa a kasuwa. Ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma bakin nan yana nan yadda kika bar shi. Tana jin muryata ta ce, "Wa nake ji kamar mijin Tabawa? Ka zo biko ne bayan mata ta yi nisa?" Ta sa aka kawo mini ruwa, muka gaisa, muka yi ta ambatonki. Ban san lokacin da na kwashe labarin kuɓewa na gaya mata ba.

Ina jiran jaje, sai tsohuwar nan ta fashe da dariya har da tari. Ta dafa sandarta ta ce in biyo ta. Muka zaga bayan rumbu, ta ɗaga sandar ta nuna ƙarƙashin jinka. Iya, ga su nan a rataye, damin busassun kuɓewa gajeru masu kauri, an ɗaure da igiyar rama. Na waiga, ga sabuwar shuka a bakin danga, kara ja wur. Na tsuguna a gabanta ina kallo.

"Ashe ba ka san matar taka ba," in ji Kande. "Wa ya ce maka a gora Tabawa ke ajiyar iri? A gidajen mutane take ajiyarsa. Shekarar da gara ta cinye nata, nan ta zo ta tsuguna inda kake tsugune, na ba ta. Shekarar da awaki suka share nawa, ita ta aiko mini. Wanda ka kashe ɗin ma jikan na gidan nan ne." Ta riƙa nuna gidaje da sanda, na nan, na can, na tsallaken rafi, har gidan liman. Duk kuɓewarki ce a bayan ɗakunansu, kuma da sunanki suke kiranta.

Ta ciro mini dami guda ta ɗora a hannuna. Na buɗe baki na fara jero godiya, ta katse ni. "Riƙe abarka. Ba a biyan iri da na gode. In ta yi, ka kai gidan wani." A kan babur na dawo Funtuwa, dami a cikin riga, ina ta washe baki ni kaɗai har masu wucewa na waigena.

Wannan karon Hadiza ce ta karɓi ragama, ni na zama ɗan aike, kuma ban yi musu ba. Ta ce kafin a taɓa ƙasa sai an san mazaunin kowa. Muka tsaya da safe muka ga inda rana ke fara sauka, muka sake tsayawa da la'asar muka ga inda inuwar bango ke kaiwa. Ruwan wanki aka haƙa masa rami can gefe, ya je ya ƙarata. Zogale ya bi jikin bango. Kabewa aka kai ta gindin madafi don ta hau rufi ta bar wa mutane hanya. Kuɓewa ta samu tsakiya inda rana ta fi zama, yakuwa ta kewaye ta, alayyafo da lalo suka raba kunya ɗaya. Barkono da tattasai a buhunan da muka cika da ƙasa da taki. Na'a-na'a kuwa Hadiza ta ce ba ta da kunya, in aka sake ta sai ta cinye gidan, don haka aka tsare ta a tsohon baho. Daddoya na dasa ta daidai inda nake alwala, tana shan ruwa ina shan ƙamshi. Muka kewaye duka da dangar kara saboda akuyar maƙwabta, wadda tun ranar farko ta nuna tana da ra'ayi a kan lamarin. Iri kuma rabi na shuka, rabi ya koma gora.

Da ta fara 'ya'ya na yi yadda kike yi, na farko-farko ba a taɓa su, na iri ne. Ke da tsumma ɗaya kike ɗaure musu alama. Ni kuwa tela ne, abin da ya fi yawa a shagona ƙyalle. Shadda, atamfa, leshi, duk na ɗaura. Lambun ya fito kamar 'yan matan amarya, har Ummi ta ce kuɓewarmu ta riga ta yin kayan sallah.

Ranar da Hadiza ta kaɗa ta farko, da daddawa da ɗan man shanu a kan tuwon masara, na yi loma ɗaya na tsaya. Ɗakinki ne ya dawo mini gaba ɗaya, da tabarmar, da hayaƙin, da muryarki kina cewa in ci a hankali ba kora ta ake yi ba. Na yi hawaye a gaban yara, na ce musu barkono ne. Ba su yarda ba, don sun san miyar ba yaji. Na yi kewarki ranar, Iya, amma kewa ce mai daɗi, kuma sai da na nemi ƙari.

Yanzu na iri sun bushe, kuma na fara sauke nauyin da Kande ta ɗora mini. Duk wanda ya zo karɓar ɗinki, sai ya tarar da ɗan ƙulli a aljihun sabuwar rigarsa, in gaya masa sunanta, in gaya masa sharaɗinta, in kuma ja masa kunne a kan ruwan sabulu. Ta tafi Mahuta, ta tafi Maska, ta tafi gidan su Hadiza a Malumfashi.

Shekaranjiya da hantsi ina gyaran danga aka yi sallama. Wata mata ce da goyo, ban taɓa ganinta ba, ta ce daga wajen Dandume take, a motar kasuwa ta ji labari. Ta ɗan rusuna ta ce, "Malam, don Allah nan ne ake samun irin Tabawa?" Iya, matar nan ba ta san fuskarki ba, ba ta san ko Gozaki gabas take ko yamma ba, amma ga sunanki a bakinta a ƙofar gidana. Na ce mata nan ne. Na cika mata hannu biyu.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya haskaka makwancinki. Duk tukunyar da aka kaɗa kuɓewar nan a cikinta, a gidan da muka sani da wanda ba mu sani ba, Allah ya kai ladan kabarinki. Ya ba Kande lafiya da cikawa da kyau. Mu kuma ya haɗa mu da ke a inuwar da ba ta gushewa. Amin.

Naki har kullum,
jikanki Hamisu Tela,
Funtuwa.