Hannun Baba Ya Fara Rawa

Aliero, Jihar Kebbi
Janairu, 1993

Zuwa ga ƙanena Sirajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya kai da iyalinka a Ikko. Mu nan da sauƙi. Inna na fama da ƙafa, albasa ta yi kyau a fadama, sai dai babu masu ban ruwa, kuma ka fi kowa sanin inda suke.

Saƙonka ya iso. Wai Ikko na neman magina da direbobi da mahauta ido rufe, in faɗa wa samari su shirya. Sannu, dillalin mutane! Rabin maginanmu sun tafi Birnin Kebbi tun da aka ba mu jiha, sauran ka kwashe. Ka yashe Danwarai, ka yashe Maiyama, a unguwar Jega Firchin tsofaffi ke fiɗar dabbobi yanzu. Duk wannan na haƙura. Amma ka rasa wanda za ka ɗauka sai autanmu Waliyyu, kana sane shi kaɗai ya zauna gaban Baba yana koyon ɗori, bai ko gama ba. Wanda ake shirya wa gadon gidanmu, shi ka mayar mai gadin shagon wani. Ko kunya ba ka ji ba?

To ji abin da ka jawo. Ran kasuwar Jega aka kawo wani direba da karaya a cinya, yana ta ihu. Baba ya yi bisimilla ya kama, sai hannunsa ya hau rawa. Ni na danne mutumin, Baba ya ja, ya sake ja, ƙashi ya ƙi komawa. Daga ƙarshe da bakinsa ya ce su kai shi wani gida. Tun kakanninmu ba a taɓa fita da mai karaya daga zauren nan ba a yi masa ɗori ba. Na ga Baba yana share hawaye da hularsa, kuma wallahi ranar na tsane ka.

Kada ka ce a rubuto wa Waliyyu sauran ilimin ɗorin. Baba ya ce ɗori ba a takarda yake ba, sai ya ɗora hannunsa a kan na mai koyo, a kan ƙashin da ya karye. Ya kuma rantse ba zai ba bare ba, gara a rufe shi da abinsa. Hannun kullum ƙara lalacewa yake. Ka sako Waliyyu a motar albasar farko da za ta juyo gida. Yadin da ka aiko yana nan a ƙulle, ba wanda ya taɓa.

Ka gaida matarka Rahma da yara su Bushra, su ba su yi mana komai ba. Inna na gaishe ku. Baba ya ce a gaida Waliyyu da kyau. Na tambaye shi ko in sa sunanka, ya ce in rufe takardar haka nan.

Yayarka,
Balaraba